An yi mani sikanin sau biyu an ce lafiya lau, amma ina jin abu yana sauko mani

Maman Bakwai, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ta sa. Ku yi mani haƙuri in na tsawaita.

Shekarata 39, haihuwa bakwai, shida na raye. Ɗinki nake yi a gida da keken ƙafa. Biyar na farko duk a ɗaki na haife su, ta shida a asibiti, babu wadda ta ba ni wahala. Ta bakwai ce ta zo da gardama. Kwana biyu ina naƙuda, kai ya sauko ya tsaya, daga ƙarshe sai da aka sa ƙarfe aka jawo yaron. Kilo 4.2 aka auna shi. Na ƙaru sosai, aka yi mani ɗinki. Yanzu watansa 14.

Tun bayan arba'in nake jin nauyi a ƙasan marata. Da safe ba komai. Amma in na wuni kan keke, ko na juye jarkokin 'yan ga-ruwa a randa, kafin la'asar sai in ji wani abu ya leƙo ta gabana, mai laushi, kamar girman ƙwan kaza. In na kwanta sai ya koma. Ga fitsari kuma: tari, atishawa, ɗaukar yaro, duk sai ya ɗigo. Hunturun da ya wuce da mura ta kama ni, sau huɗu nake canza zane a wuni. Abin da ya fi ci mani rai shi ne sallah. In na taso daga sujada sai in ji ɗumi, in rasa ko alwalata na nan ko ta tafi. Azumin bana ko sau ɗaya ban je asham ba, ni da nake jan maƙwabta mu tafi. In kuma na shiga bayi na yi fitsarin, sai in ji bai ƙare ba, wani lokaci sai na sa yatsa na tura abin ciki sannan sauran ya fito.

Sau biyu aka yi mani sikanin, wuri daban-daban. Duk biyun an ce in sha leda uku ta fiya wata in riƙe fitsari, aka shafa mani man nan mai sanyi a ciki aka dudduba, aka ce mahaifa lafiya lau, ba ƙari, ba komai. Aka rubuta mani maganin sanyi. Baban yara shi ya biya duka, bai taɓa ƙorafi ba, amma ya ce tunda na'ura ta ce babu komai in kwantar da hankalina. Uwar mijina kuma ta ce wankan jego ne ban yi shi yadda ya kamata ba. Na kai har ni kaina na fara tunanin ko waswasi ne. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Makon jiya na samu wata likita mace. Ita ba ta fara da takarda ba, ta ce in hau gado, ta duba ni da hannu, ta ce in yi tari, in yi nishi. Nan take ta ce mafitsarata ce ta sauko. Ta rubuta mani wani sikanin, ta ce wannan ta ƙasa ake yin sa, kuma kar in sha ruwa, in ma yi fitsari kafin in shiga. Kunya da layin da ke bayana suka hana ni tambaya.

Don Allah masu sani: me wannan zai gani wanda biyun can ba su gani ba? Tura abu ake yi ciki? Akwai zafi? Kuma abin da ke hana ni barci, wannan shi ne farkon yoyon fitsari?

Ummu Khairat

Wa alaikumus salam. Allah sarki Yaya, Allah ya ba ki lafiya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni bayan haihuwata ta uku na ji irin nauyin nan, kakata ta sa na riƙa tafasa bagaruwa ina zama ciki safe da yamma, na ji dama. Akwai kuma masu haɗa matsi da alif, an ce yana ɗaure wurin. Ki gwada kafin ki sake kashe kuɗin sikanin na uku.

Mai Aikin Hoto

Yaya Maman Bakwai, sannu. Aikin sikanin nake yi shekara tara ke nan, kuma na ga mata da yawa riƙe da takarda mai cewa lafiya lau suna share hawaye a bakin ƙofa. Ba waswasi kike ba. Waɗanda suka duba ki ma ba ƙarya suka yi ba. Abin da aka tura su dubawa daban, inda ciwonki yake daban.

Ki tuna ragaya. Ƙwarya na zaune a cikinta, igiyoyi sun riƙe ta. A ƙasan ƙugun mace akwai wata tsoka shimfiɗe daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙashin baya, a likitance ana ce mata libeta. Mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji duk a kanta suke zaune, kuma tana da ƙofa a tsakiya inda hanyar fitsari da gaba da dubura suka ratsa. Ta wannan ƙofar kan jariri ke wucewa. In igiyar ragaya ta saki ko ɗaya ta tsinke daga maɗaurinta, ƙwaryar ba ta fashe ba, amma za ta karkace ta yi ƙasa. Sikanin ciki ƙwaryar yake dubawa. Ya duba ya ga ba ta fashe ba, ya faɗi gaskiya. Igiyar ce bai gani ba.

Dalili uku ne. Sauti na'urar ke aikawa ya dawo, kuma sauti ba ya ratsa ƙashi, to ƙashin mara ya tare duk abin da ke ƙasansa in daga sama aka leƙo. Sannan kina kwance shiru, ke da kanki kin ce in kin kwanta abin komawa yake. Ga mafitsara an cika ta fal da ruwa don ta ture hanji a ga mahaifa, a wannan halin wace mace ce za ta yarda ta yi nishi?

Wanda aka rubuta maki, ga yadda yake. Za ki yi fitsari tukuna, in da hali ma ki yi bayan gida kafin ki fito. Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwoyi, a rufe ki da zane. Kan na'urar irin wanda ake duba masu ciki da shi ne, a sa mashi man sikanin a rufe shi da sabuwar safar hannu, a ɗora shi a bakin gaba daga waje. Ba a tura shi ciki. Sanyin man kawai za ki ji da ɗan danni. Babu allura, babu haskaken da ke cikin hoton ƙashi, mai shayarwa da mai ciki duk ana yi masu. Yawanci bai wuce minti 15.

Daga nan ƙasa komai a jere yake fitowa a allo: ƙashin mara, hanyar fitsari, mafitsara, gaba, dubura. Za a ɗauka kina kwance shiru. Sai a ce ki matse kamar mai riƙe tusa, a ga ko tsokar na ɗagawa. Sai babban, a ce ki ja numfashi ki yi nishi irin na naƙuda ki riƙe aƙalla daƙiƙa 6, a maimaita kamar sau uku. A nan nake roƙon ki. Mata da yawa suna rage nishin don tsoron kar iska ta fita ko fitsari ya zubo a gaban mutane. In kin rage, awon zai fito ƙasa da abin da ke damun ki, ki koma gida da wata takardar lafiya lau. Ki saki jiki ki yi da gaske. Mun shimfiɗa leda don haka, kuma in ya zubo mu a wajenmu shaida ce. In a kwance abin ya ƙi saukowa, ki faɗa masu da yamma yake fitowa, ana iya maimaitawa kina tsaye.

Awon kuma da ƙashin mara ake yi, tunda shi ba ya motsi. Ana jan layi daga gindinsa. Mafitsarar da ta wuce layin da milimita 10 ko fiye, ko ƙarshen hanji da milimita 15, su ne galibi ke sa mace jin abu ya leƙo. Ana kallon yadda wuyan mafitsara ke zamewa lokacin nishi, wanda ke da alaƙa da ɗigar nan ta tari. Ana kuma auna fitsarin da ya rage bayan kin fito daga bayi, kin ga wannan zai amsa maganar da kika yi ta cewa bai ƙarewa.

In na'urar mai 3D ko 4D ce, wato mai nuna abu ta kowane ɓangare, ana ganin ƙofar tsokar kanta kamar an leƙo ta daga ƙasa. Faɗinta in ya haura santimita murabba'i 25 a lokacin nishi, ta buɗe fiye da kima. Sannan ana ganin ko tsokar ta ɓalle daga jikin ƙashin mara, gefe ɗaya ko duka biyu. Wani farfesa da ya yi aiki a Sidini ta Ostireliya, Hans Peter Dietz, shi ya fi kowa bin diddigin wannan da sikanin, yawancin ma'aunan da muke amfani da su daga aikinsa da abokan aikinsa suka fito. Ɓallewar tana samun tsakanin mace 1 zuwa 3 cikin kowace 10 da suka haihu da kansu, kuma jawo jariri da ƙarfe na cikin manyan abubuwan da ke kawo ta. Ina jin abin da likitarki ke son tabbatarwa ke nan. Yana da amfani a sani kafin a yi maganar tiyata, domin wadda tsokarta ta ɓalle, abin ya fi saurin dawo mata bayan an yi aiki, to likita zai canza shiri tun farko.

Amma kar ki ɗauki na'ura ta fi hannun likitar nan. Ita ta gano ciwon, kuma da duban hannu ake ba shi mataki, daga 0 zuwa 4. Sikanin ƙarin bayani ne. Kuma ba kowane shagon sikanin na bakin titi ya iya shi ba ko da yana da na'urar. Ki koma ki tambaye ta wajen wa take turawa.

Maman Bakwai, Ƙofar Marusa

Ƙanwata Allah ya biya ki, ya jiƙan mahaifa. Wallahi sau uku na karanta maganar ragayar nan. Tunda kin buɗe mani hanya bari in faɗi wanda ban iya faɗa wa likitar ba. Tun haihuwar nan ba na iya riƙe iska. Ko a gaban masu kawo ɗinki sai ta kufce mani. In cikina ya ɗan lalace kuwa, ba na kaiwa bayi. Ko Baban yara bai san wannan ba.

Mai Aikin Hoto

Yaya, wannan ne ma ya fi kamata ta ji. In bakinki ba zai iya ba, ki rubuta a takarda ki miƙa mata. Dubura tana da zoben tsoka biyu, na ciki da na waje. Ƙaruwar da ta yi zurfi tana iya kaiwa gare su, wani lokaci a ɗinke fata a sama alhali zoben bai haɗu ba. Na'ura mai 3D tana iya nuna shi daga waje a zama ɗaya. In ana son tabbaci akwai wani daban, ba zan ɓoye maki ba shi ana sa shi ta dubura, kaurinsa kamar yatsa, yana nuna zoben gaba ɗaya a kewaye a ga inda ya yanke da girman giɓin. Babu daɗi amma ba ciwo ba ne, kuma minti kaɗan ne. Ana gyara wannan matsalar.

Tsohuwar Ungozoma, Daura

Ɗiyata, shekara 31 na yi ina karɓar haihuwa kafin in aje aiki. Bari in ɗauke maki tsoron da ke hana ki barci tukuna.

Yoyon fitsari huji ne. Kan jariri ya daɗe yana danne nama a jikin ƙashi, naman ya mutu ya zube, hanya ta buɗe tsakanin mafitsara da gaba. Mai shi fitsari zuba yake mata dare da rana, tana tsaye tana kwance tana barci, ba ruwansa da tari, kuma cikin kwanakin farko bayan haihuwa yake bayyana. Ke kina tashi da shimfiɗa busasshiya, kina tara fitsari ki kai shi bayi. Naki rauni ne na maɗauri, ba ya rikiɗa ya zama huji. In likita na shakka, ruwa mai launin shuɗi ake ɗurawa a mafitsara ta robar fitsari a ga ko zai ɓullo ta gaba, a nan take ake sani. Mu Katsinawa ma Allah ya yi mana gata a wannan fannin. Babbar Ruga da ke hanyar Batsari, a da can asibitin kutare ce, Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara ɗinkin yoyon fitsari a cikinta tun shekarun 1980, yau cibiya ce ta ƙasa irin ta Abakaliki da ta Ningi. Na raka mata can ba sau ɗaya ba. Duk wadda ke karanta wannan tana da 'yar'uwa mai zubar da ba ta tsayawa, can za ta kai ta.

Ummu Khairat, na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma alif da matsi ban yarda ba. Zama cikin ruwan ɗumi yana sa ɗinki ya yi daɗi a kwanakin jego, iyakarsa ke nan. Alif fatar wurin yake busarwa ta tsuke ta tsage, tsokar da ta saki tana can sama bai kai gare ta ba. Na sha ganin naman da ya leƙo ya yi gyambo saboda irin abubuwan nan da ake cusawa.

Maganar wankan jego kuma, ki bar Hajiya da girmanta kar ki yi musu da ita, amma ba shi ba ne. Na ga waɗanda suka cika arba'in da ruwan zafi da kunun kanwa abin ya same su. Haihuwa bakwai, yaro mai kilo 4, doguwar naƙuda, ƙarfe, su ne. Abin da ke ƙara shi kullum kuma yana cikin gidanki: jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ki bar wa samarin gidan. Ki nemi maganin tarin nan. Kar ki bari bayan gida ya yi maki tauri kina yunƙuri, ki yawaita zogale da kuka da ruwa. Kar ki rage shan ruwa don tsoron ɗiga, fitsarin zai yi kauri ya ƙara damun mafitsarar.

Sallah kuwa, ki je wa malamar Islamiyyarku ki ce ta karanta maki hukuncin mai salisul bauli, wato mai ɗigar fitsari. Malamai sun yi bayaninsa tun da daɗewa kuma akwai sauƙi a ciki. Ki sa ƙyalle mai tsabta ki koma sahu.

Kina da damar cewa mace kike so ta duba ki, ko ki shiga da ƙanwarki. Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Turai duk suna da likitocin mata, in wani ya sake jin irin alamun nan can zai nufa, ba shagon hoto ba.

Uwar Marayu

Ni shekara biyu ke nan da zoben roba a jikina, wanda ake sawa ta gaba ya tallafe abin da ya sauko. Mahaifa ce tawa ta sauko. Likita ta gwada mani girma biyu kafin a samu daidai, yanzu mantawa nake yana nan, ina komawa duk wata huɗu a cire a wanke a duba wurin. Ban yi tiyata ba har yau. Na faɗa ne don ki san ba kowa ake yanka ba.

Maman Bakwai, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Na dawo da labari kamar yadda ya kamata, mako uku ke nan.

Na rubuta maganar iskar a takarda na ba likita kamar yadda kika ce. Ta karanta ta ɗago ta ce dama ta so tambaya ta. An yi sikanin ranar Talata, mace ce ta yi, ƙanwata na zaune ta wajen kaina. Nishin farko na rage, ba zan ɓoye ba. Sai na tuna roƙon da aka yi mani a nan, na biyu na yi shi kamar ranar haihuwa. Fitsari ya zubo, matar ko ɗaga kai ba ta yi ba, cewa ta yi yawwa, haka nake so.

Ta juyo mani da allon. Na ga mafitsarata da idona, baƙa, tana gangarowa tana wuce farin ƙashin nan. Milimita 19 ta ce. Tsokar ta ɓalle ta gefen dama, ta hagu na nan. Zoben dubura na waje akwai giɓi a gabansa, za su tura ni wajen wani likitan a kan wannan. Na yi kuka a kan gadon, wata 14 ana ce mani babu komai.

Wani abin da ban zata ba, da ta ce in matse, ashe turawa ƙasa nake yi, ni a ganina matsewa ce. Ta ce mata da yawa haka suke. Ta bar na'urar a wurin ta ce in kalli allo in yi ta gwadawa har sai na ga wuyan mafitsarar ya ɗaga sama. A karo na biyar ya ɗaga, kaɗan. An haɗa ni da 'yan fisiyo, masu koyar da atisayen jiki a asibiti, sun ce matsewa 8 sau uku a rana, aƙalla wata uku kafin a yanke hukuncin ko ya yi aiki. Atisayen Kegel suke ce mashi, sunan likitan Amurka da ya fito da shi a 1948. Na ɗaura shi da asuba da azahar da isha'i don kar in manta.

Baban yara ya raka ni komawa wajen likita, ta kunna mashi hoton mai motsi ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba. Da muka dawo ya kira babban ɗanmu ya ce daga yau shi ke juye ruwa. Likita ta kuma ce mu zauna mu yi shawarar haihuwa, domin ba a son yin tiyatar gyara sai mace ta gama, wannan maganar ba mu taɓa ta ba tukuna.

Alhamis mai zuwa za a gwada mani zoben. Uwar Marayu, don Allah in tambaye ki: kina iya wuni a zaune da shi? Ina da ɗinkin biki kala goma sha ɗaya da na karɓa, kuma keken nawa na ƙafa ne.